Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Jawabin Ban Dariya a Wurin Biki

A cikin ƴan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta samu gindin zama a bukukuwan auren ƴan boko da ma'aikata a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa. Da safe a ɗaura aure, a raba goro da dabino, a shafa fatiha kamar yadda aka gada. Da maraice kuwa sai a hallara a wani zauren haya domin walimar da ake kira koktel. Can tsakiyar shagali sai animater ya kira babban abokin ango ko babbar ƙawar amarya, a miƙa makirufo, a ciro waya daga aljihu, a shiga karanta jawabin da aka shirya domin ba jama'a dariya. Sau da yawa daga intanet aka kwaso jawabin cikin Faransanci, aka sauya sunaye, aka juya shi zuwa Hausa jimla bayan jimla. Wanda ya saba halartar irin waɗannan tarurruka ya san yadda abin yake ƙarewa: samari su ɗan ƙyaƙyata a teburinsu, iyaye mata su sunkuyar da kai, wani kawun amarya ya tashi kamar zai amsa waya, ba a sake ganinsa ba har a watse.

Matsayin wannan maƙala shi ne jawabin ban dariya ya cancanci gurbi a wurin biki, ya kuma cancanci a zauna a rubuta shi da natsuwa. Sai dai aikin farko na mai rubutawa shi ne ya tantance matsayinsa ga wanda zai tsokana, da matsayin waɗanda za su saurara. Neman abin dariya yana zuwa ne daga baya. A ƙasar Hausa tsokana haƙƙi ce da dangantaka take bayarwa, kuma jawabin da aka aro daga wata al'umma ba ya zuwa da wannan haƙƙi, komai kyan fassararsa.

Wa yake da hurumin tsokana?

Zamantakewar Bahaushe ta raba dangantaka gida biyu manya ta fuskar magana. Akwai waɗanda ake wasa da su, akwai waɗanda ake jin kunyarsu. A ɓangaren wasa akwai kaka da jika, da tobasai (wato ɗan mace da ɗan namiji), da mace da ƙannen mijinta, da namiji da ƙannen matarsa. A ɓangaren kunya akwai surukai, da iyaye da ɗansu na fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa. Wasan ya zarce gida ya shiga tsakanin al'ummomi: Fulani da Barebari, Gobirawa da Zabarmawa, Arawa da Fulani, Buzaye da Zabarmawa. A watan Muharram tobasai sukan nemi juna domin kuɗin shara. Girman wannan al'ada ya sa hukumar UNESCO ta shigar da wasan tobastaka na Nijar cikin jerin kayan gadon bil'adama a shekarar 2014.

Manazarta sun daɗe da lura da tsarin. Marcel Mauss ya yi rubutu a kansa a 1928, sannan A. R. Radcliffe-Brown a 1940 ya bayyana shi a matsayin raini da al'ada ta halatta tsakanin mutum biyu, bisa sharaɗin kada wanda aka tsokana ya yi fushi. Ya kuma nuna cewa wasa da kunya tagwaye ne, domin dukansu hanyoyi ne na kiyaye zumunci a inda saɓani zai iya tasowa. Tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, cike yake da misalan yadda mace Bahaushiya take sanin wanda za ta zolaya da wanda za ta kauce wa tun tana ƙarama.

Idan aka auna jawabin da ake kwasowa daga Turai da wannan ma'auni, nan take za a ga inda gizo yake saƙar. A can shaidan ango yana da damar tona asirin ƙuruciyar abokinsa, ya ambaci ƴan matan da ya nema a baya, ya yi wa uwar amarya ba'a. Ba'ar suruka ma wani tsohon reshe ne na barkwancin Faransawa da Ingilishi. A nan kuwa suruka ita ce wadda ango yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe ta, ba ya kama sunanta, ba ya cin abinci a gabanta. Abokin ango a wannan rana wakilin ango ne, kunyar da take kan ango tana kansa. In ya buɗe baki ya yi wa uwar amarya raha a gaban jama'a, ya ci mutuncinta ne da sunan surukinta, tun ba a kai amarya ɗakinta ba.

Ɗaliban kimiyyar harshe sun san darasin J. L. Austin na 1962: magana aiki ce, kuma ba ta cika sai wanda ya dace ya furta ta a muhallin da ya dace. Kalmomin ɗaurin aure da kansu misali ne, domin idan yaro ya maimaita su a dandali babu auren da ya ɗauru. Haka tsokana take. Bafillace zai dubi Babarbare ya ce masa "bawana", su tafa, su yi dariya, wani lokaci ma har da kyauta. Wannan kalma ɗaya, in ta fito daga bakin wanda babu wasa tsakaninsu, tana iya kai mutane gaban alƙali. Kakar ango za ta kira amarya kishiyarta, ta ce an ƙwace mata miji, zaure ya ɗauki guɗa. In ƙawar amarya ce ta kawo zancen kishiya, sai fuskoki su sauya. Jimlar ba ta canza ba, nahawunta bai canza ba, bakin da ya furta ta ne ya canza, kuma shi ne ya yanke hukuncin ko wasa ce ko zagi.

Abin da makirufo da waya suka sauya

Raha a wurin biki ba baƙuwa ba ce. Sayen baki, inda abokan ango da ƙawayen amarya suke fafatawa da azancin magana a daren kai amarya, dandali ne na barkwanci tun kaka da kakanni. Amma yana da siffa guda da ya kamata a kula da ita: ɓangare biyu ne suke fuskantar juna, kowa in an jefe shi zai rama. Haka wasan tobasai yake. Daɗinsa yana cikin ramuwa, kuma ramuwar ce take wanke zafin magana, har a tashi babu wanda ya riƙe wani a zuciya.

Zauren koktel ya rushe wannan daidaito. Mutum ɗaya ne yake riƙe da makirufo, lasifika tana kai muryarsa ko'ina, wanda ake tsokana kuwa yana zaune a kujerar ado ba shi da bakin mayarwa. Lamarin ya fi tsanani ga amarya. Al'ada ta ɗora mata shiru da sunkuyar da kai a wannan rana, har ma sai an sayi bakinta kafin ta yi magana. Duk wanda ya yi mata ba'a a kan girkinta, ko jikinta, ko shekarunta, ko daɗewar da ta yi ba ta yi aure ba, ya doki wadda aka ɗaure wa hannu ne. Hausawa sun ce amarya ba ta laifi, kuma mai rubuta jawabi ya kamata ya ɗauki wannan a matsayin doka. Ango yana iya shan tsokana daga tobashinsa ko abokinsa, tun da gobe zai same su a majalisa ya rama. Amarya kuwa za ta shiga gidan da ba ta saba da shi ba, cikin dangin da suka ji abin da aka faɗa a kanta, wataƙila kuma su riƙa maimaita shi shekara da shekaru.

Akwai kuma masu sauraro da mai jawabi bai sa su a lissafi ba. Erving Goffman a 1981 ya bambanta wanda ake magana da shi da wanda yake ji daga gefe. A bikin ƙarin aure, uwargida da danginta suna cikin zaure ko suna jiran labari a gida. Yabon da aka yi wa amarya cewa yau ne ango ya san daɗin duniya zai isa kunnen uwargida a matsayin habaici, ko da mai maganar bai nufe ta ba. Idan amarya bazawara ce, duk wata raha a kan "gwaji na biyu" tana taɓa ƴaƴanta da tsohon gidanta. Zancen haihuwa da ake yi da wasa yana soka matan da suke zaune a wurin da shekaru ba su samu ba. Asali, da sana'ar gado, da launin fata, da yawan sadaki ko ƙarancin lefe, duka ramuka ne da aka rufe da ciyawa.

Waya ta ƙara faɗaɗa da'irar. A yau ba a gama jawabi sai an ɗauke shi a bidiyo, kafin gari ya waye ya zagaya WhatsApp da TikTok da Facebook. Abin da yake yawo guntu ne na daƙiƙa talatin, an yanke sallama, an yanke inda mai magana ya ce shi tobashi ne, an yanke addu'ar ƙarshe. Mai kallo a Agadas ko Kano ko Kumasi bai san dangantakar ba, zagi kawai yake ji. Magana zarar bunu ce tun kafin a ƙirƙiro waya, balle yanzu da ake adana ta. Saboda haka ma'aunin kowace jimla shi ne: in an cire ta ita kaɗai an nuna wa mahaifin amarya bayan shekara biyar, zai yi murmushi ko zai ɓata rai?

Kayan aikin da harshen ya tanada

Wani zai ce in an toshe duk waɗannan ƙofofi, me ya rage na dariya? Abin da ya rage ya fi abin da aka toshe yawa, sai dai yana cikin Hausar ne, ba ya cikin shafukan da ake kwafowa. Harshen da ya bambanta ba'a da zolaya, da gatse, da shaguɓe, da habaici, da zambo, da gugar zana, da arashi, harshe ne da masu shi suka daɗe suna nazarin dariya. Wannan rabe-rabe kansa jagora ne. Zambo muzantawa ce a fili, makamin mawaƙa da maroƙa a kan abokin hamayyar ubangidansu. Habaici suka ce a rufe, wadda ba a kama suna amma mai ita ya san da shi ake. Waɗannan biyu ba su da gurbi a bakin aboki ranar aure. Zolaya da raha da kambamawa su ne nasa.

Victor Raskin a 1985 ya bayyana cewa abin dariya yakan ginu ne a kan magana mai ɗaukar fassara biyu masu karo da juna, inda mai sauraro yake bin ta farko har wata kalma ta juya shi zuwa ta biyu. Hausa tana da arzikin wannan saboda karin sauti da tsawon wasali. A ɗauki kalmar "gashi". Da dogon wasali a gaɓar farko, sumar kai ce. Da gajere kuwa naman da aka gasa ne. Abokin ango mai sanƙo zai iya cewa: "Ɗazu da aka yi shelar an kawo gashi, kowa ya miƙa faranti, ango shi kaɗai ya miƙa kai." Ko a ɗauki "jika". Da dogon wasali, da sauti sama sannan ƙasa, ɗan ɗa ne ko ɗan ɗiya. Da gajeren wasali, da sauti ƙasa sannan sama, takardar sefa 1000 ce. Mai magana da yawun kakar amarya zai iya cewa: "Tsohuwa ta ce ta ba ku jika guda, ba za ta tashi ba sai kun mayar mata da jika ɗari." Wannan raha ta Nijar ce tsantsa. Babu shafin Faransanci da zai samar da ita, kuma ko a Kano sai an yi bayani kafin a gane.

Nan ne kuma ilimin ɗalibin harshe yake da amfani na zahiri. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gashi" da "gashi" kamanninsu ɗaya a fuskar waya. Wanda ya karanta su a gaggauce ba tare da ya gwada da baki ba zai kashe wasan da kansa. Mai rubuta jawabi ya kamata ya yi wa irin waɗannan kalmomi alama a takardarsa, ya kuma tsara jimla yadda kalmar da take juya ma'ana za ta zo a ƙarshe. Hausa tana son gabatar da abin da ake ƙarfafawa zuwa farkon jimla, kuma wannan ɗabi'a mai kyau a muhawara tana tona asirin barkwanci tun kafin lokacinsa. "Kai ne ango ya miƙa da aka kawo gashi" daidai take a nahawu, amma ta riga ta sayar da abin mamakin.

Surkin Hausa da Faransanci ma taska ce idan an san inda za a taɓa. Ango da ya adana lambar amarya a waya da sunan "sheri", kakarsa kuma ta ji "sharri" ta shiga neman tsari, labari ne da zai haɗa teburin matasa da na tsofaffi a dariya ɗaya, domin kowane ɓangare ya riƙe rabin ma'anar. Wannan ya bambanta da jawabin da rabinsa Faransanci ne tsagwaro, wanda yake raba zaure gida biyu: waɗanda suka yi lakkwal suna dariya, iyayen da suka haifi ma'auratan suna kallo kamar baƙi a bikin ƴaƴansu.

Sai amsa-kama, waɗanda fassara ba ta iya ɗaukowa. A ce ango ya yi tsuru-tsuru a gaban surukinsa, ko ya yi wuf ya ɓoye waya, ko ya dawo daga zance tsamo-tsamo cikin ruwan Agusta, kalma ɗaya ta zana hoton da jimla uku ba za su zana ba. Akwai kirarin wasa, inda ake ɗaukar sigar kirarin jarumai a ɗora ta a kan ƙaramin abu, kamar gwanintar ango wajen cin kilishi ko barcin rana. Wannan dabara ce ta ƴan kama, waɗanda suka shahara da kwaikwayon malamai da mawaƙa suna mayar da komai zancen abinci. Akwai karya karin magana, a fara ta yadda kowa ya sani a ƙarasa ta da abin da ba a zata ba. Gatse kuwa yana buƙatar hattara. Kamar yadda H. P. Grice ya nuna a 1975, mai sauraro yana gane an faɗi akasin abin da ake nufi ne idan ya riga ya san gaskiyar. A ce "ango ai bai taɓa makara ba" zai ba abokan karatunsa dariya, amma dangin amarya da suka zo daga nesa za su ɗauka yabo ne, su gyaɗa kai.

Karin harshe shi ma abin lura ne. Ba'adare ko Bagobiri da ya saba cewa "munka zo" ba shi da dalilin tilasta wa bakinsa "muka zo" don yana riƙe da makirufo. Raha ta fi zama daram a karin da mutum ya tashi da shi. Kwaikwayon karin wasu domin a yi musu dariya kuwa yana komawa ga dokar farko: in akwai wasa tsakani, halas ne, in babu, raini ne.

Hujjojin masu suka

Masu adawa da wannan al'ada suna da hujjoji da bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko suna cewa baƙuwa ce, kuma tana buɗe ƙofar izgili da ƙarya. Gaskiya ne aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma hadisi ya yi kashedi ga mai ƙirƙirar ƙarya domin ya ba mutane dariya. Amma wannan hujja tana rusa mummunan jawabi ne, tana kuma ƙarfafa mai kyau. Labarin gaskiya da aka zaɓa da hikima, wanda bai muzanta kowa ba, ya tsira daga hanin biyu. Batun baƙunta kuwa, zauren haya da lasifika da kek ɗin da ake yankawa duka baƙi ne, an kuma karɓe su. Abin da ya rage shi ne a sa wa baƙon tarbiyyar gida.

Na biyu suna cewa barkwanci ba a rubuta shi, domin gwanin raha nan take yake ƙirƙira. Wannan gaskiya ne ga gwani. Amma babban aboki ba don iya magana aka zaɓe shi ba, don amana aka zaɓe shi. Mutumin da bai saba tsayawa gaban jama'a ba, in tsoro ya kama shi, abin da ya fi kusa da harshensa yake cafkowa, kuma sau da yawa shi ne sirrin da bai kamata ya fita ba. Rubutu yana ba shi damar tacewa tun yana cikin hayyacinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yake kashe raha shi ne karatu kai a sunkuye, murya a miƙe kamar mai karanta sanarwa. Maganinsa a rubuta, a maimaita da baki har ya zauna, sannan a ajiye takardar a fuskanci mutane.

Na uku suna cewa wannan aikin maroƙa da sanƙirori ne, ƴan boko suna ƙwace musu abinci. M. G. Smith ya nuna tun 1957 cewa roƙo wata kafa ce ta tsara martaba a al'ummar Hausa, kuma maroƙi yana da damar faɗin abin da wani ba zai faɗa ba saboda matsayinsa na musamman. Wannan dama ta sana'a ce, ba a aronta. Abokin da ya kwaikwayi bakin maroƙi ya ɗauki lasisin da ba nasa ba, kamar yadda mai kwafo daga intanet ya yi. Ayyukan biyu ba sa cin karo. Maroƙi ya san asalin gida da jerin kakanni, aboki kuwa ya san ɗakin da aka yi haya tare da ranar da kuɗin abinci ya ƙare. Biki mai tsari yana da wurin kowannensu.

Siffar jawabi mai kyau

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tsari mai sauƙi. A buɗe da sallama da girmama iyaye da malamai, ba tare da ko ɗigon wasa ba. In taron na Yamai ne, gaisuwa da Zabarmanci ga waɗanda ba Hausa ce harshensu na farko ba karamci ne. Sannan mai magana ya bayyana dangantakarsa a fili, domin ita ce takardar izininsa. Ya fara tsokanar kansa kafin ya taɓa wani. Ya zaɓi labari guda na gaskiya a kan wanda yake da hurumi a kansa, labarin da aibinsa ƙarami ne kuma ƙarshensa yabo. Ga misalin yadda tobashi zai iya ginawa:

"Jama'a, ni ɗan gwaggon ango ne, shi kuma ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa yau gado ne, kada a ce rashin kunya. Shekara huɗu muka yi a ɗaki ɗaya muna karatu. A cikin shekarun nan sau ɗaya ya ɗora tukunya, ranar kuwa har maƙwabta suka shigo yi mana jaje. Amma duk daren da zazzaɓi ya kayar da ni, shi ne yake takawa a ƙasa neman magani. Amarya, ga mutumin da bai iya dafa shinkafa ba, bai kuma iya barin nasa cikin wahala ba."

A wannan ɗan guntu an ambaci amarya, amma ba a taɓa ta ba. Iyayenta sun ji abin da zai kwantar musu da hankali game da hannun da ɗiyarsu ta shiga. In aka yanke kowace jimla aka watsa a waya, babu wadda za ta kunyata wani. Bayan haka ya kyautu a mayar da ramuwar da makirufo ya ƙwace: a gayyaci wani tobashi ko kaka daga ɓangaren amarya ya mayar da martani, yadda zauren zai koma kamar dandalin sayen baki. A rufe da addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Minti uku ko huɗu sun isa. Kafin ranar kuma, a karanta jawabin gaban mutum ɗaya mai shekaru daga dangin amarya. Duk inda ya yi shiru bai yi murmushi ba, a soke wurin ba tare da gardama ba.

Akwai aiki a nan ga jami'o'in Abdou Moumouni da Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani. Wani sabon nau'in magana yana tsirowa a idon kowa, yana haɗa rubutu da baka, Hausa da Faransanci, tsohuwar dokar kunya da sabuwar fasahar waya. Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma harshen da aka ba wannan matsayi yana buƙatar a nazarci yadda ake sarrafa shi a zaurukan biki kamar yadda ake nazarinsa a ofis da aji. Ɗalibin da yake neman batun kundin digiri zai iya naɗar jawaban biki da izinin masu su, ya rubuta su da alamun sauti, ya lura da inda aka yi dariya da inda aka yi tsit, da kuma ɓangaren zauren da kowanne ya fito. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ya fi kusa. Ɗaliban harshe su ne waɗanda abokai suke nema idan biki ya matso, a ce musu "kai da ka karanta Hausa, rubuta mini wani abu". Wanda aka roƙa haka, kafin ya ɗauki alƙalami, ya fara tambayar mai roƙon: me kake ga ango, me kake ga amarya, kuma su wa za su zauna a sahun gaba?